Kantar Kawu Manu

Duk wanda ya san Kawu Manu na Gwandu, yayan mahaifiyata, ya san gudumarsa. A aljihun babbar riga take kwana, har rigar ta karkace gefe guda. Da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa suna. Kuma fa manomin albasa ne, ko kujerar tsuguno bai taɓa haɗawa ba! Amma kowane gida ya shiga sai ya ƙare wa bango kallo ya ce, "Wanga wuri kanta yaka so."

Kun tuna wadda ya kafa wa rediyonsa a zaure? Ana tsakiyar labaran yamma rediyo ya fara sulalowa a hankali, sai tim a cinyar liman. Na ce, "Kawu, kantar nan ta karkace." Ya ja baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Kanta daidai take. Gidan na ya karkace."

Amma babbar ta'asa a kaina ya yi ta. Ina koyarwa a Kalgo, na kama hayar ɗaki, kuma washegari za a zo jeren amaryata. Ɗakin asalinsa ɗaya ne aka raba da allon silin, maƙwabcina Malam Bala tela, gwauro, yana ɗaya ɓangaren. Sai ga Kawu ya sauko daga mota da katako a kafaɗa.

Na ce, "Kawu, don Allah, wannan ba bango ba ne, kwali ne."

Ya ce, "Yaro, tun ba a haihe ka ba nike buga ƙusa."

Ya buga, ya ɗora katako. Wai sai ya gwada ƙarfinta, ya ɗauko turmi ya aza. Wayyo! Kanta da turmi da rabin bango suka zube gaba ɗaya. Sai ga Malam Bala ta cikin ɓurmin, zaune a tabarma, lomar tuwo a hannu, baki buɗe.

Kawu ya leƙa ya ce, "Salamu alaikum. A ci lahiya."

Ni kuwa hawaye ne kawai ban yi ba. Gwaggonnin amarya su zo su tarar da taga zuwa ɗakin gwauro? Ai a nan auren zai tsaya! Kawu ko a jikinsa. Ya aika aka sayo sabon allo da ƙusa mai noti, ya toshe ɓurmin da allon, ya raba katakonsa biyu, ya sa ɗaya a gefena, ɗaya a gefen tela, ya ɗaure su baya da baya. Wallahi ta kafu! Ya karkaɗe hannu ya ce mana, "To, ku zamna lahiya. Duk wanda ya cire tashi, ta ɗan'uwanai ta hwaɗi." Shekarun da muka yi a gidan nan, ko musu ban yarda na yi da Malam Bala ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, wata safiya aka iske shi ya lallaɓa ɗakin matarsa, Inna Hausi, yana haki, yana sauko mata da kantar kwanoninta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Malam, mi kaka yi?" Ya ce, "Bayanki ya tanƙware, Hausi. Ban son ki riƙa roƙon kowa shi miƙo miki kwano in ba ni nan."

Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Amin.