Saura Shafi Ɗaya

Dattijon yana zaune a bencin tasha da littafin labari a cinya, rigarsa a goge amma wuyanta ya koɗe. Da tikitin motar garinsu yake alamar shafi.

"Kawu, mota ta uku ke nan fa!" in ji kwandasta. "Ko littafin ne zai kai ka gida?"

"Ɗana, mutumin da ke cikin labarin nan ya zubar da mutuncin gidansu, ga shi durƙushe a ƙofar yayansa. Bari in ga ko za a buɗe masa."

Labarin zuciya a tambayi fuska: shi ma akwai ƙofar da yake tsoron ƙwanƙwasawa. Shafi ɗaya ya rage. Yana lasar yatsa, yana kama gefen takardar, yana saki.

Motar ta cika, ta tashi ta bar shi a benci.