Mutumin da Ba Ya Goge Suna Sai Ya Tambaya

Kullum da safe yakan buɗe rumfarsa, ya share gabanta, ya jera kayan aiki a kan benci, sannan ya goge tabarau da gefen riga. Mai gyaran wutar mota ne, amma tun da motoci suka fara kama wayoyin hannu ta bulutut, rabin aikinsa ya koma sasanta waya da mota. Direbobi suna kiransa Waye-Wannan, don ba ya goge sunan wata waya daga allon mota sai ya tambayi mai motar.

Na taɓa jin wani direban tasi yana yi masa tsiya.

"Tsoho, goge su duka mana, sauri nake!"

"To, wannan Zumata fa? Madam ta san da ita?"

"Ita ce Madam ɗin, don Allah kar ka haɗa ni faɗa!"

Bayan rasuwar Mama, motar Baba ta daina kama wayarsa da wuri. Da ya tayar da ita, sai ta tsaya neman wayar Mama, wadda ke kashe a cikin durowa, sunanta yana ta yawo a allo. Kira ya sha wuce Baba a hanya. Yaya ya ce a kai a wanke komai a huta, ni kuma na raka Baba rumfar.

"Goge duka," in ji Baba, yana kallon titi.

Mai gyara ya sunkuya, ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a na farko.

"Yallaɓai, Maman Yara fa?"

Baba ya ci gaba da kallon titi. Mai gyara ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba. Ya ɗan daddanna, ya mayar da wayar Baba ta zama ta farko, ya bar sunan Mama a ƙasanta.

"Yanzu kai za ta fara kamawa. Hajiya kuma tana wurinta, ba ta tare wa kowa hanya."

Baba ya ce, "Dama ba ta taɓa tare wa kowa ba."

Waye-Wannan, kai ne ka ga mutum a inda wasu ke ganin tarkace. Sarkin haƙuri, da ka goge duka, da ya fi maka sauƙi, kuma ba wanda zai zarge ka.

Yanzu idanun mai gyaran sun gaji, ya ce ƙarshen wata zai miƙa wa ƙaninsa rumfar. Mun gode, Waye-Wannan. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da alheri. Masu gyara, da duk wanda ake danƙa wa kayan wani, ku ari wannan tambaya tasa kafin ku danna.

Har yau in Baba ya tayar da mota, yakan ɗan dubi allo kafin ya sa giya.