Famfon Ingila, Keken Faransa

Shekarar da anka tura ni Isa koyarwa, mahaifina bai ce kar in tafi ba. Dattawan Gobir na wancan zamani ba su cika hana mutum abu da baki ba. Sharaɗi suke gindaya maka, kai da kanka ka ga gara ka haƙura. Yana zaune a zaurenmu na Sabon Birni yana fiƙe ƙotar hauya, bai ko ɗago ba, ya ce:

"Na jiya. Ni dai ban da wani ɗa namiji sai kai, kuma tun kana riƙon gefen rigata kake tsayawa damana ran Juma'a. In kana iya cika wurin nan duk Juma'a, riƙe allinka. Randa na waiga na ga wani, ka dawo ka riƙi wagga."

Ya ɗaga ƙotar kaɗan don in gan ta da kyau.

Ni kuwa ina son allin nan. Ina son ƙamshin aji da safe bayan an yayyafa ruwa an share, ina son in ga baƙi ya zauna a kan mai koyo. Sai dai garin sunansa Isa, amma isa gare shi daga gidanmu aiki ne ja. A ƙafa yini ne cur. Mota a lokacin sai ta ga dama take biyowa, ba ta kuma san Juma'a ba. Doki kuwa, albashin ƙaramin malami in ya ciyar da shi, to malamin ne zai koma cin dusa. Alhamis muna makaranta har yamma, saboda haka abin da ya rage mini shi ne tsakanin asuba da hawan liman mumbari. Komawa kuma tsakanina da ƙafafuna. Sai keke.

Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da gama babban yaƙinsu ba. Kekunan Ingila na kanti, masu kaca a rufe cikin gidanta kamar matar kulle, sai manyan ma'aikata. Nawa na samo shi wajen wani falke mai kawo kanwa da dabino daga Maraɗi, ya koma da goro. Mu a nan ba mu cewa Nijar, Faransa muke cewa, kamar dai in ka wuce gonakinmu na arewa sai ka faɗa birnin Turawa. Keken ya shigo kasuwar Isa a ɗaure bisa raƙumi, abin da ya kamata ya zama ishara gare ni. Wani Bafaranshe ne ya fara hawansa, sai tafintansa, sai wani masinja, kowa ya bar masa tabo. Sirdin ya bushe kamar kilishin bara. Amma yana da araha, ƙafafunsa kuma a miƙe suke.

Falken ya hura mini tayoyin da famfon wani abokin tafiyarsa har sunka yi tauri kamar gwiwar raƙumi, sannan ya yi mini huɗuba kyauta.

"Malam, sabon mahayi kayan ado yake fara saye. Madubi, tuntu, ƙaho. Madubi mi zai gwada maka? Inda ka baro. Kai nemi faci da sholisho, sifana guda, cokula biyu na ɓamɓare taya, igiya, da goran ruwa. Sai famfo. Duk sauran in ka manta ka sha wuya, famfo in ka manta ka dawo ɗan dako."

Na bi maganarsa tamkar darasi. Faci na yanko daga wata tsohuwar robar ciki. Cokulan na kwanon abincina ne, maƙeri ya daddale musu gindi. Marfin gwangwanin madara na huhhuda da ƙusa, ya zama abin kankare roba kafin a shafa sholisho. Baduku ya ɗinka mini 'yar jaka na rataye ƙarƙashin sirdi, ta haɗiye su duka. Babbar riga ta zama matsala, don ita da kaca ba su ga maciji, saboda haka na koyi naɗe ta in ɗaure a kariyar bayan keke, in hau da 'yar shara, ƙafar wando ɗaure da kaba. Ƙararrawa tana nan tun asali, sai dai ban taɓa samun wanda zan iya kaɗa wa ba. Kusan duk wanda ke hanya ya girme ni, kuma ba a yi wa babba ƙararrawa. Sauka ake yi a gaishe shi.

Abu ɗaya ne na saya sabo fil, shi ne famfo. Na ba wani mai zuwa Ƙaura saƙo ya sayo mini a kanti. Ɗan Ingila ne, baƙi, mai sheƙi, da 'yar wutsiyarsa ta roba da ake murɗawa a bakin taya. Na karanta rubutun da ke jikinsa, na gamsu da nahawunsa, na maƙala shi a jikin keke. Gwadawa kuwa ban yi ba, tunda tayoyin ba su roƙe ni iska ba.

Koyon hawa na yi shi a filin makaranta bayan an tashi. Na faɗi ta kowace fuska da ke cikin littafin labarin ƙasa, amma na fi faɗuwa dama. Daga baya na ba kaina dalili: a Faransa hannun dama ake bi, mu kuma Ingilishi sun ɗora mu bisa hagu, keken bai manta tarbiyyarsa ba.

Juma'ar farko na taso bayan sallar asuba. Kaka ce. Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan: dammunan gero jingine a bakin gonaki, sababbin rumbuna ana yaɓe, shanun Fulani sun shiga karan da anka girbe, mata ɗauke da ƙoren nono suna kaucewa suna dariyar ƙafafuna. Inda jar ƙasa take, keken yana tafiya kamar ana zuba ruwa. Inda yashi yake, ni nake tafiya shi yana rakiya. Na sauka na gaida dattawa har na daina sanin ko hawa na fi yi ko sauka. Duk da haka da hantsi na ci fiye da rabin hanya, har na fara tsara irin sallamar da za ni yi a zaure.

Sai na kauce wa wani ayarin jakuna, na hau gefen hanya. Kaka lokacin gero ne, amma lokacin tsidau ne kuma. Ƙayar nan 'yar mitsitsiya mai ƙahoni, wadda Allah ya halitta tun kafin keke, ta zauna tana jiransa. Tayar baya ta yi ajiyar zuciya ta kwanta.

Ban razana ba, har ma na ji daɗi, don ga ranar jarrabawa ta zo kuma na yi bita. Na kifa keken, na sa cokula na ɓamɓare taya, na zaro robar, na gano hudar, na kankare, na shafa sholisho, na jira ya sha iska, na manna faci. Aiki tsaf. Na ciro famfo, na kai wutsiyarsa bakin taya na murɗa.

Ta ƙi kamawa.

Na sake murɗawa, na juya ta, na yi bisimilla na sake. Bakin tayar Faransa siriri ne, zarensa daban. Wutsiyar Ingila sai ta zauna a kansa kamar hular aro, iska na fita ta gefe. Na danne da yatsa, na naɗe da tsumma, na liƙe da kaba. Duk iskar Gobir na tura, ko cikin cokali ba ta shiga ba. Turawan nan biyu sun raba mana ƙasa da dangi, ashe har iska sai da sunka raba.

Na tayar da keken na fara turawa. Inuwata tana ta gajarcewa, ni kuwa ba abin da nake gani sai ƙotar hauyar nan, da wani ƙato tsaye daman mahaifina.

Can gaba, a gindin wata tsamiya, na hangi keke a kife, ƙafafu sama, da mutum zaune kusa da shi yana fifita da hula. Na san shi da gani. Disfensan Isa ne, mai ba da magani, Bayarabe mutumin wajen Ilori, ya kwana wani ƙauye wajen aikin lambar rigakafi yana komawa gida. Ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Amma tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Yana ganin tsagen fuskata ya washe baki.

"Alhamdu lillahi! Na roƙi Allah jaki, ya aiko mini bawana. Zo nan, Bagobiri, ɗauki kayan ubangijinka."

"Wa ya kwance ka, Bayarabe? Mu da munka bar ka kana daka barkono?"

"Dubi wai malami! Kai ke hawan keke, ko keke ke hawanka?"

"Naka fa, salla yake yi da ya kifa kai?"

Ya yi tsaki ya nuna mini kekensa, ɗan Ingila sosai, mai kaca a rufe. Shi ma tsidau ya gaishe shi, shi ma ya yi faci. Sannan ya ɗago wani siririn famfo mai launin azurfa ya ce a kasuwar Bafarawa ya saye shi wajen mutanen Faransa, don ya fi na kanti araha, ga shi ya ƙi bakin tayarsa.

Na dubi famfonsa, ya dubi nawa. Sannan dariya ta kama mu har ya riƙe ciki yana salati da Yarbanci.

Nasa ya shige bakin tayata kamar tare anka haife su. Nawa ya kama tasa ƙam. Munka durƙusa kowa na bugu, kamar mata biyu a bakin turmi. Da tayoyin sunka tashi na ce:

"To, mu musanya mana, kowa shi huta."

"A'a. In na ba ka, gobe ka gan ni a hanya ka kau da kai. Na san halin Gobirawa. Aro na ba ka. Naka ma aro na karɓa, ko da yake kayan bawa na ubangijinsa ne. Ina za ka da wannan gaggawa?"

Na faɗa masa sharaɗin mahaifina. Ya dubi rana, wasan ya bar fuskarsa.

"Kai, hau! Kar ka sauka gaida kowa. Wanda ya yi fushi ka ce Bayarabe ne ya sa ka, sun san ba mu da kunya."

Ranar na kaɗa ƙararrawa karon farko. Na wuce dattawa ina ɗaga hannu ina "gafara dai, Baba, Juma'a!" su kuma suna "Allah shi kai ka!" Ashe ba su ɗauki abin da zafi kamar yadda na zata ba. Ina shiga Sabon Birni na tarar kasuwa ta yi tsit, an rufe rumfuna. Na jingine keken a bangon wani gida, na yi alwala da sauran ruwan gora, baƙin mai ya ƙi barin farcena. Na warware babbar riga na zura, duk ta yi shatin igiya.

Liman ya riga ya hau mumbari. Na ratsa sahu ina sunkuye har na hango ƙeyar mahaifina inda ya saba zama. Masallaci ya cika maƙil, mutane kafaɗa da kafaɗa, amma damansa akwai wuri. Ya baza hannun rigarsa ya shimfiɗe a ƙasa, ya ɗora tasbaha bisa, ya ɗaure fuska yadda ba mai iya cewa ya matsa. Da na iso bai waiga ba, ana huɗuba ba a magana. Tasbahar kawai ya ɗauke, ya tattare hannun rigar. Na zauna. Wurin da sanyinsa, ba wanda ya taɓa shi.

Bayan an sallame muna fita ya shaƙi iska ya ce:

"Warin mi kake?"

"Sholisho na, Baba."

Ya zo ya tsaya kan keken, ya latsa taya da babban yatsa kamar mai tayin rago. Ya ciro famfon ya jujjuya. Na ba shi labari tun daga tsidau har tsamiya. Bai yi dariya ba sai da na kai ga Bayaraben, nan kuwa har hularsa ta goce.

"To, bawanmu ya yi aikinshi. A ɗaura mishi fura a kariya, kar shi ce iyayen gijinshi marowata na." Ya mayar da famfon mazauninsa da kansa, ya gwada ko ya zauna. "Juma'a mai zuwa ka taso da wuri. Hannun rigata ya gaji."

Hauyar ba a sake ɗaga mini ita ba. Na yi shekaru ina bin hanyar nan, faci bisa faci, har robar cikin ta koma kamar rigar mahaukaci. Duk Asabar sai na biya ɗakin magani in kai wa disfensa furarsa, ya ce ta yi tsami, ya shanye, ya tambaye ni lafiyar famfonsa, in tambaye shi lafiyar nawa. Da anka yi masa canji zuwa kudu na raka shi bakin mota, na miƙa masa abinsa. Ya ture hannuna ya ce aro bai ƙare ba.

Keken ya daɗe da komawa wajen maƙera. Famfon yana nan rataye a zauren, a ƙusar da mahaifina ke rataye tasbaharsa in ya dawo masallaci. Fatar cikinsa ta bushe, ba ya tura iska. In baƙo ya tambaya nawa ne, sai in ce a'a, na wani ne.