Burodi da Cuku da Ayaba

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi ina koyarwa a wata firamare a Jega. Mijina yana aiki a Maiyama, sai ƙarshen mako yake dawowa, don haka daga ni sai ɗana da ban daɗe da yaye shi ba. In na taso daga makaranta rana ta take, yaro yana kukan yunwa, ni kuma ba ni da ƙarfin hura itace. Sai na samo dabara. Nakan sayi cuku wajen Buzaye ranar kasuwa, in daka shi ya yi laushi. In tsaga burodi, in jera ayaba yanka-yanka, in barbaɗa cukun, in rufe. Kafin mai tuwo ta gama wanke tukunya mun ƙoshi. Har alfahari nake, ina ganin na waye.

Wata rana Inna, mahaifiyata, ta zo daga Alelu ba sanarwa, ta same mu a kan tabarma muna ci. Ta daɗe tana kallon murhuna, wanda har kaza ta yi ƙwai a cikinsa.

"Mi kika ba maigidana?" Haka take kiran jikan nata.

Na yi mata bayani dalla-dalla, irin na malamai, har da abin da ke gina jiki.

"Wuta ta taɓa shi?"

Na ce a'a.

"To abin da wuta ba ta taɓa ba, ba abinci na ba. Ɗauko mini kayanai, da shi zan koma."

A wurinmu kaka ba ta roƙon jika, ɗauka take yi. Na yi magiya, na yi alkawarin tuwo kullum, ta ce in ci abina. Mijina da ya dawo ya ce ba shi ja da surukarsa, wannan jarumtar tasa na daɗe ban manta ba. Na yi kuka sosai. Na ci gaba da haɗa burodina cikin sauri, sannan in zauna ban san abin da zan yi da sauran ranar ba.

Da aka ba mu hutu na tafi Alelu. Tun daga zaure na ji ƙarar turmi. Na shiga na tarar da Inna tana dakan cuku, ga ayaba a faifai, ga burodin Jega da direban motar albasa yake kawo mata. Ashe maigidan nata ya ƙi tuwon rana, ya ƙi fura, sai da ta sauko. Ta ga ina kallo, ba ta ko ji kunya ba. Ta haɗa, ta ɗora a kan garwashi, ta juya shi sau ɗaya, ta miƙa masa.

"Kin gani? Wanga wuta ta taɓa shi."

Na ce to tunda abincin ɗaya ne, a ba ni ɗana. Ta ce ai ba ɗaya ba ne. Bai dawo hannuna ba sai da ya isa shiga makaranta.

Yanzu shi ma magidanci ne. Kwanakin baya na je gidansa, na same shi yana gasa wa 'ya'yansa burodi da cuku da ayaba, yana gaya musu abincin gargajiya ne na mutanen Alelu, wajen kakarsa ya gada, Allah ya jiƙanta. Ya juyo ya tambaye ni ko na taɓa ci.