Bututun da Na Hana a Cire

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni uwar 'ya'ya biyar ce, 'yar Argungu da aure ya kawo Birnin Kebbi. Ban yi boko ina ƙarama ba, sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, cikin waɗanda aka dawo da su daga Sakkwato da aka ba mu jiha. A waɗannan shekarun ya sa mini iyakwandishan, irin mai rabi ciki rabi waje, aka bi da bututun jan ƙarfe biyu ta cikin bango aka shafe da siminti. A jikin bangon nan na yi jeren kwanonin da Innata ta tara mini, ɗaya kan ɗaya har kusa da silin.

Bayan ya yi ritaya, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, na dawo da shi ɗakina. Likita ya ja mini kunne cewa in kiyaye masa zufa, domin idan bayan mai dogon kwanciya ya buɗe da gyambo, warkewarsa aiki ne. Bazara na shigowa tsohon injin ya ƙone, har da ƙauri. Babban ɗanmu ya aiko da sabo, ƙanena kuma ya zo da wani dattijon mai gyara daga Argungu.

Dattijon ya duba ya ce sai an fasa bango an cire tsohon bututu. Wai gas ɗin sabon daban ne, ya fi ƙarfin turi, man da ke yawo da shi ma daban ne, ba sa ga maciji da tsohon mai, balle na injin da ya ƙone. Ya ce in ba a so a fasa, to sai an wanke cikin bututun da wani magani an gwada ƙarfinsa, kayan wankin kuwa sai mako mai zuwa zai samo daga Sakkwato. Ni abin da na hango shi ne sauke jeren Inna, da ƙurar siminti a kan marar lafiya, da maza suna shiga suna fita a ɗakina. Mako guda cikin wannan zafin ma ban ga zan iya jira ba. Da suka tafi sallar azahar na ɗauko toka da lemun tsami na goge bakin bututun kamar yadda nake wa tukunya, har ya yi ja yana ƙyalli. Da dattijon ya dawo na nuna masa, na ce Malam, ina dattin yake? Ya yi dariya ya ce Hajiya, ke da kika fito daga bakin gulbi, kin taɓa dafa kifi don kin wanke bayansa ba ki fasa ciki ba? Ƙanena ya ce Yaya ki bar mai aiki ya yi aikinsa. Ban ɗaga murya ba, ban saba ba, amma na kafe. Dattijon ya ce zai haɗa don darajar marar lafiya, amma in shaida ya faɗa mini.

Mako uku muna cikin ni'ima, ina jin na yi dabara. Wata rana bayan azahar injin waje ya yi wani gurnani ya yi shiru. Iska na fitowa, sanyi babu. Kwana tara muka yi kafin a samo wani injin. Na yi fifita har kafaɗata ta sage, ina juya maigidana ina shafa masa hoda, amma ran na shida na ɗaga rigarsa na ga fatar ƙugunsa ta saɓule. Maganarsa ba ta fita sosai, sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya matse. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da hannuna na sauke jeren. Dattijon ya fasa bangon, bai ce mini ai na faɗa ba. Ya yanko guntun bututu ya kira ni tsakar gida, ya sa na shimfiɗa farin ƙyalle, ya hura iska mai ƙarfi ta ɗaya bakin. Abin da ya fito ya sa na yi salati: baƙin mai kamar daddawa da aka dama, da ɓarɓashi, da wani wari mai hawa kai. Shekara da shekaru ina kwana kusa da wannan abu ban sani ba. Ya nuna mini wata 'yar hanya a cikin injin da ya lalace, siririya kamar kafar allura, ya ce duk sanyin ɗaki ta nan yake bi, ita ce ta toshe. Da ya haɗa sabon bututu ya zuƙe iskar ciki tas kafin ya saki gas, ya ce ko ɗigon raɓa ba a bari. Da ya kunna injin, na taɓa bututun da ke cikin rana tsaka na ji shi kamar randa da asuba, ruwa na tsattsafo masa. Na tsaya ina ta mamakin ilimin da Allah ya ba bayinSa, da yadda abu ƙanƙane da ido bai gani yake riƙe da babba.

Gyambon sai da ya ci wata huɗu kafin ya rufe, kullum ni ke wanke shi, kullum ina tuna ni na jawo. Maigidana ya yafe mini, amma ni ban gama yafe wa kaina ba. 'Yan uwana mata, mu da muke riƙe da gida mun san aikinmu, sai dai ba kowane abu ake gane tsabtarsa da ido ba. Idan za a canza muku na'ura aka ce tsohon bututu sai an wanke an gwada, ko a cire, ku bari a yi, ko da za a fasa bangon da kuka fi so. Magini ya gyara mini bango a wuni ɗaya. Fatar bawan Allah nan kuwa, ni na san kwanakin da ta ɗauka.