Jirgin Kaka a Kogin Isa

A shekarar da damina ta ƙi, lokacin mulkin soja, kakata ta wajen uba ta baro ƙauyenmu na kusa da Dogon Dutsi ta dawo wurinmu a Yamai. Muna zaune a Talaje, babana yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Tuwon jar dawar taimako muke ci, Kaka tana ci tana tsaki.

Wata Lahadi muna dawowa daga majami'a sai ta dubi babana ta ce, "Kai, ka tuna abin da ka ce mini ranar da za ka taho birni karatu? Cewa ka yi za ka sa ni cikin jirgin ruwa."

"Na tuna, Inna."

"To, ga ni."

Mamata ta yi dariya ta ce ai bana kogin Isa da ya ratsa Yamai ya janye, mutane da ƙafa suke tsallakawa zuwa Harobanda, unguwar da ke wancan gefen.  Washegari babana ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet ya bi gaɓa har ya samo wani tsohon masunci Bazabarme da ya kife jirginsa kan yashi. Mutumin ya ce masa ruwan da ya rage bai kai gwiwa ba. Babana ya ce ko iya idon sawu ne yana so.

Ranar Asabar muka tafi mu duka. Kaka ta ɗaura zanenta na zuwa majami'a, ta zauna tsakiyar jirgin ta riƙe gefe da gefe. Masunci ya tokara gora, muka fara tafiya. Ba mu yi nisa ba gindin jirgin ya kama yashi, ya tsaya cak.

"Mun iso?" in ji Kaka.

"Da saura, Inna," babana ya ce. Ya cire takalmi, ya naɗe wandonsa na zuwa aiki, ya dira cikin ruwan. Mu ma muka bi shi. Matan da ke wanki a gefe suka ga malamin lakwal yana tura tsohuwa a jirgi, suka ajiye sabulu suka zo suna shewa suka kama. Wani direba da ke wanke taksinsa shi ma ya shigo. Haka muka riƙa ja muna turawa, Kaka tana zaune kamar amarya tana ɗaga wa mutanen da ke kan gadar kogin hannu, tana ta rera waƙar majami'a da ƙarfi.

Da muka kai wancan gefen ta ƙi sauka. Ta tsoma hannu cikin ruwan, ta shafa wa babana a fuska, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Sannan ta juya wajen masunci ta ce a mai da ita, komawar ma a jirgi take so.