Surukin Gidan Rediyo

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya da safe daga unguwarmu zuwa cikin garinmu na bakin teku, East London, ya san muryar Mawande Tshangana. Shi ne mai gaya wa direbobi inda hanya ta cushe, da inda bututun ruwa ya fashe, da makarantar da ba za a buɗe ba, yana yi yana tsokanar masu bugo waya. Gidan rediyon ƙarami ne, ɗaki uku a saman shagon mahauci, amma daga bakin teku har ƙauyukan bayan tudu ana kama shi.

Kakarsa ce ta raine shi, ita kuwa 'yar makarantar mishan ce irin tamu ta dā, inda ake sa yaro ya miƙe tsaye ya karanta sura guda ba tare da ya haɗiye harafi ba. Haka ta koya masa. Ya tsaya inda aka sa waƙafi, ya numfasa inda aka sa aya, kada ya yi gaggawa ko da bayansa wuta ake yi. Yaran yanzu ba su san wannan horo ba, shi ya sa idan suna karanta labarai sai ka ce kora su ake yi. Da ya gama sakandare ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, daga nan ya hau benen mahaucin yana karanta cigiyar awaki da katin shaida da suka ɓace. Ba a daɗe ba aka ba shi shirin safe, wanda shi ne babban shiri a gidan.

Mawande bai taɓa ɓoye cewa namiji yake so ba. A shekararsa ta farko a shirin, wani ya bugo waya, maimakon labarin hanya sai ya ce, "Kai, wai da gaske ne kai ɗan luwaɗi ne?"

"Da gaske ne, yayana," in ji Mawande. "To, gadar nan ta wajenku fa, an buɗe ta ko har yanzu?"

An yi ta surutu na ɗan lokaci, aka gaji aka bari. Mutane suka saba da shi, har mata a layin asibiti suna maimaita barkwancinsa. Amma shi ya san iyakar wannan sabo. An karɓe shi ne matuƙar murya ce kawai mai ba da dariya, ba a ganin kowa a gefensa.

Akwai kuwa wani a gefensa. Sunansa Lulamile, direban motar haya, ƙato mai ƙarancin magana. Sun daɗe tare a gida ɗaya, sai a wata kaka suka je ofishin gwamnati aka ɗaura musu aure, tunda doka ta ba da dama. Aka yanka tunkiya a tsakar gida, waɗanda za su zo suka zo.

Gidan rediyon yana da al'ada tun kafuwarsa. Idan ma'aikaci ya yi aure, ranar Litinin ta gaba sai ya kawo wanda ya aura cikin shirin safe, ana ji kai tsaye. In amarya ce, ta ɗaura ɗankwali, ta yafa bargo, ta zuba wa kowa shayi. In ango ne, ya tsaya bakin ƙofa hula a hannu, da cinyar tunkiya ta biyan tara, a sha masa tambayoyi kafin a bar shi ya shigo. Mai jagorantar wannan hidima ita ce Mama Nowinile, dattijuwa mai gabatar da waƙoƙin coci ranar Lahadi, 'yar zuriyar Jola. Mawande da kansa ya buɗe makirfo ga surukai da yawa, har da mijin Sisi Thobeka mai shara.

Ranar da ya koma aiki, manajan gidan, Tata Bangani, wato Baba Bangani a harshenmu, ya kira shi ofis ya rufe ƙofa.

"Ɗana, na taya ka murna, tsakani da Allah. Amma maganar Litinin, a bar ta."

"Saboda me, Tata?"

"Ka san saboda me. Mai kamfanin jana'izar nan shi ke ɗaukar nauyin shirinka, dattijon coci ne. Ya ce kai ya haƙura da kai, amma ranar da ya ji muryar mutum na biyu, ya janye. Kwamiti ma sun zauna. In ka kawo shi, shirin safe ya bar hannunka. Mu yi muku shayin a nan ofis mana, a rufe ƙofa, ni zan sayi fanke."

"Mijin Sisi Thobeka a ofis aka yi masa?"

"Kada ka sa ni magana, Mawande."

"Ni ban roƙi a ƙara mini komai ba, Tata. Abin da aka yi wa kowa nake so a yi mini."

Daga nan ya je wurin Mama Nowinile, ya same ta tana jera faifan waƙa. Ba ta bar shi ya gama ba.

"Ɗana, ina son ka, kakarka ƙawata ce. Amma cocina bai koya mini wannan ba. Kuma ka gaya mini, ɗankwali zan ɗaura wa direba, ko cinyar tunkiya zan karɓa? Ranar Litinin zan zo in gaishe ku in tafi asibiti awon jini. Kada ka neme ni a ɗakin."

Da la'asar ya tarar da Lulamile a ƙofar gida yana wanke mota. Ya kwashe duka ya gaya masa. Sannan ya ce, "Ba zan matsa maka ba. Duk motar da ke tasharku rediyon nan take ji. Ni a bayan gilashi nake zaune, kai ne za ka koma cikinsu."

Lulamile ya matse tsumma. "Kana tsammani ba su sani ba? Shekara nawa suna ganin ina sauke ka a gindin benen nan. Ji daga bakina ne kawai ba su yi ba." Ya shanya tsumman a kan motar. "Shirin fa? Kai da ko ranar hutu sai ka tashi kana gaya wa tukunya labarin hanya."

"Zai yi mini zafi. Amma in na yarda da shayin bayan ƙofa, kullum na buɗe makirfo zan tuna a kan me aka bar mini shi."

"To shi ke nan. Ni dai ba zan ɗaura ɗankwali ba, kaina ya yi girma."

"Wa ya ce akwai wanda zai ishe ka? Sai dai labule." Mawande ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Ka san Mama 'yar Jola ce kamar kai. Da na gaya mata..."

"A'a. Ba za ka je kana roƙo da sunan kakannina ba. In ta tambaye ni, zan amsa. In ba ta tambaya ba, a bar su su huta."

A wurinmu sunan mahaifi ba ya nuna zuriya, sai an tambaya. Kuma wanda kuka haɗa zuriya da shi, ko daga wace uwa duniya ya fito, ɗan gidanku ne. Ba a aurensa, ba a kuma barin sa tsaye a waje.

Litinin ta zo da yayyafi. Mawande ya buɗe shiri kamar kullum, ya faɗi hanyoyi, ya sa waƙa. Da waƙar ta ƙare sai ya ce, a natse, yadda aka koya masa, "Jama'a, kun san al'adar gidan nan. Na yi aure. Mijina yana bakin ƙofa, sunansa Lulamile." Ya tashi ya buɗe ƙofar ɗakin har bango, ya juya makirfo na biyu ya fuskanci waje.

Lulamile na tsaye a kan matakala, cikin kwat ɗin da ya matse masa kafaɗa, hula a hannu ɗaya, cinyar tunkiya a naɗe a ɗaya hannun. Ba wanda ya fito tarbarsa. Tata Bangani ya tsaya a ƙofar ofis ya harɗe hannu. Sauran ma'aikata suka duƙufa kan teburansu. Shirun ya yi tsawo, kuma a rediyo babu abin da ya kai shiru tsawo. Amma Mawande bai sa waƙa ba.

Sai ga Mama Nowinile ta fito da jaka da lema, za ta asibiti. Matakalar siririya ce, Lulamile kuwa ya cike ta. Ya raɓe jikin bango, ya rusuna.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya lau, ɗana." Ta sa ƙafa za ta wuce, ta tsaya. Macen da aka yi wa tarbiyya irin tata ba ta iya wuce baƙo mai hula a hannu ba ta tambayi asalinsa ba. Bakinta ya riga ta. "Ɗan wace zuriya ne kai?"

"Jola ne ni, Mama."

Jakar ta sauko daga kafaɗarta. "Wane Jola?"

Ya jero kirarin zuriyarsu: "Qengeba, Mphankomo. Mahaifina daga garin Tsolo ya zo."

"Wayyo ni!" Ta dafa ƙirji. Ta juya ta leƙa ɗakin. "Kai Mawande, kai ɗan wace zuriya ne ma?"

"Cirha, Mama."

"To, na gode wa Allah, ba 'yan uwa ba ne. Da wannan ce za ta kashe ni." Duk wannan yana fita a kowace motar haya da ke kan hanya. Ta sake duban Lulamile daga sama har ƙasa. "Ɗan ƙanena, tun yaushe kake tsaye a nan? Bangani! Kana kallon jinina a kan matakala da kaya a hannu, ko kujera babu?"

"Mama, kwamiti ya ce..."

"Kwamiti ɗan wace zuriya ne?"

Ta kama hannun rigar Lulamile ta ja shi ciki. Ta zauna gaban makirfo tana haki, ta ce, "Masu sauraro, ku ji ni da kyau. Abin da na ce game da auren nan ban sauya ba, ni da fastona za mu yi magana. Amma wannan yaron namu ne, kuma ba a ba da ɗan Jola hannu sake. Tarar ta juya. Cinyar nan shi zai koma da ita. Kai Mawande, kai ka ɗauko mana ɗa ba ka zo ka gaishe mu ba, tashi ka zuba shayi."

Mawande ya tashi ya ɗauko buta. Murfin na ƙara, duk gari na ji. Ya zuba wa Mama, ya zuba wa mijinsa, ya kai wa Tata Bangani har ƙofar ofis. Tsohon ya daɗe yana kallon kofin kafin ya karɓa.

Aka buɗe layin waya. Na farko zagi ya yi, Mawande ya bar shi ya gama, ya ce masa a sauka lafiya. Wata mata ta karanto aya ta kashe. Wani tsoho daga ƙauye ya bugo don kawai ya yi wa Lulamile kirarin zuriya har ƙarshe. Sai wani direba, hayaniyar tasha na tashi a bayansa: "Kai Lula, mun ji ka! Layinka ya zo ya wuce, mun ba wani. Kuma kwat ɗin nan na waye ka aro?"

"Na ubanka ne," in ji Lulamile. Kalmominsa ke nan a rediyo ranar, ban da gaisuwa da amsoshin da ya ba Mama.

Abin da aka ce zai faru ya faru. Mai kamfanin jana'iza ya janye kafin mako ya ƙare, kwamiti ya ba wani saurayi shirin safe. A tasha, wasu direbobi sun daina cin abinci kwano ɗaya da Lulamile, an kuma taɓa sace masa iskar taya. Mawande aka mayar da shi karanta sanarwar rasuwa da tsakar rana, aikin da ake ba wanda ake so ya gaji ya tafi da kansa. Ya yi kwanaki ba ya iya kunna rediyo da safe. Amma bai tafi ba. Kullum yana hawa benen, ya zauna, ya karanta sunan kowane mamaci da zuriyarsa da waɗanda ya bari, ba gaggawa.

Wata rana wata mata cikin baƙaƙen kaya ta hau benen ta ce shi take nema. Ƙanenta ne ya rasu, malamin firamare. Ta faɗi sunan uwa da 'yan uwa, sannan ta tsaya tana murza bakin mayafi.

"Akwai kuma wanda suke zaune tare, shi ya yi jinyarsa har ƙarshe. Kawunnanmu sun ce kada a ambace shi. Ni ce babba a ɗakinmu, na ce a faɗa. Ban san dai yadda ake faɗa ba."

"Yaya marigayin yake kiransa?"

"Mijina yake cewa."

"To haka za a faɗa, Sisi. Gaya mini sunansa da zuriyarsa."

Ta faɗa, ya maimaita har ta ce daidai ne. Ya jawo mata kujera kusa da tasa, ya gyara makirfo, jar fitila ta kama, ya fara karantawa.